Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi Bayan Gyaran Inji: Abin Da Za A Duba Kafin A Sake Kashe Kuɗi

Yawancin motocin da 'yan uwanmu ke neman abinci da su a Enugu da Anacha da Fatakwal tsofaffi ne: Peugeot 504 da 505 da 406, Golf, Camry, Honda Hala, sai J5 da Hiace masu jigilar kaya da fasinja. Irin waɗannan motoci ba sa rabuwa da gyaran inji, ko canza gaskat, ko ringi, ko a sauke injin gaba ɗaya. Abin da ke ɗaga hankali shi ne a gama aiki, a biya kuɗi, a murɗa makulli, mota ta ce atafau ba za ta tashi ba. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wannan ya ce kwayil ne, wancan ya ce birenbos, wani ya ce injin ne ma ba shi da kyau. Mai mota ya yi ta zarya tsakanin gareji da kasuwa har kuɗin abincin gida ya tafi.

Ga ƙa'idar da ya kamata a riƙe: motar da ta ƙi tashi bayan gyara, galibi laifin yana inda hannu ya taɓa. Waya ce aka manta, ko tiyo aka juya, ko saiti ya goce. Da wuya kayan da ke aiki lafiya kafin a buɗe inji su mutu haka kawai a kwanakin da mota ta yi a gareji. Saboda haka ana fara bincike da abin da ba ya cin ko kwabo, sayen kaya shi ne na ƙarshe.

Abu huɗu da inji ke buƙata

Injin fetur ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: mai da iska, wutar fulogi, matsi a cikin silinda, da saitin lokaci, wato kowane ɗaya ya zo a daidai lokacinsa. Kafin su kuma sai batir da kik sun juya injin da ƙarfi. Duk wata matsala ta ƙin tashi tana cikin waɗannan. Ƙarar da motar ke yi idan an murɗa makulli ita ce ke nuna inda za a fara, don haka a kashe rediyo, a yi shiru, a saurara.

In an murɗa makulli an ji shiru, ko "ƙas" kawai

Nan maganar wuta ce, ba a ma kai ga inji ba tukuna. Motar da ta yi mako biyu ko uku a gareji batirinta kan sauka. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 a mita. In ya nuna 12.2 ya kai rabi. Lokacin da ake buga kik kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. A duba kawunan batir, a kankare farin garin da ke taruwa a kansu, a ɗaure su tamau. Damshin Kudu yana saurin cinye kan waya fiye da yadda muka saba a gida. Fatakwal na samun ruwan sama sama da milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu.

Sai babbar wayar at, wadda ke haɗa jikin inji da bodin mota da kan nagatif na batir. Dole a kwance ta idan za a sauke inji, kuma ita aka fi mantawa. Wani lokaci an mayar da ita amma a kan fenti ko tsatsa. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗauki wayar haɗa batir, a maƙala ɗaya gefen a kan nagatif, ɗaya gefen a jikin ƙarfen inji, a sake gwadawa. In kik ya juya, an kama ɓarawon. A kuma duba 'yar siririyar wayar da ke shiga bayan kik. Mota mai otomatik kuma ba ta buga kik sai giya na kan P ko N, kuma in an taɓa igiyar giya saitin kan goce, don haka a gwada a N ɗin.

A yi hattara wajen jona batir. Juya kawuna ko na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona babban fis da altaneta har da birenbos. Haka ma dabarar nan ta jera batir biyu su ba da bolt 24 don inji ya juya da ƙarfi, ba ta dace da motar bolt 12 ba ko kaɗan.

In inji yana juyawa da ƙyar, ko ya cije

Idan batir da wayoyi lafiya amma inji na nishi, a daina buga kik. A cire fulogai duka, a sa sifana a kan babban notin fuli na karanshaf, a juya da hannu zagaye biyu cikakku. Injin da aka yi wa sabon ringi yakan ɗan yi tauri, amma dole ya juya sumul ba tare da tsayawa ba.

In ya tsaya cak a wuri ɗaya, kada a tilasta. Mai yiwuwa fistin na dukan bawul saboda saiti ya goce, ko wani noti ya faɗa ciki. In ruwa ya fito ta ramin fulogi, gaskat bai zauna ba, ko ruwan sama ya shiga lokacin da injin ke buɗe. Ruwa ba ya matsuwa, in aka matsa masa lamba sandar fistin ce za ta lanƙwashe. In kuma tauri ne ta ko'ina, a tuhumi metal. Karanshaf da aka wanke a injin wanki yana buƙatar metal na daidai awonsa, misali 0.25 ko 0.50 na milimita, kuma murafunsa kowanne da gurbinsa da fuskar da yake kallo.

Akwai masu cewa a ɗaura wa motar igiya a ja ta, wai inji zai sake. Wasu kuma su ce a gangara da ita, tunda Enugu ba ta rasa gangare. Kada a yarda. Kik yana tsayawa idan ya gamu da cikas, amma nauyin mota a guje ba ya tsayawa, sai ya karya abin da ya tare shi. Aikin da za a gyara da sifana sai ya koma neman wani injin.

In inji yana juyawa daidai amma bai kama ba

Wannan shi ya fi yawa. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci ɗaya, a bar shi ya huce tsakani. Sai a bi abubuwa uku a jere: wuta, mai, saiti.

*Wutar fulogi.* A cire fulogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a riƙe da filaya mai roba, wani ya buga kik. Ana son a ga tartsatsi mai ƙarfi, shuɗi-shuɗi. A tabbata babu fetur a zube kusa kafin a yi wannan.

In babu wuta a mota mai dilko da kwantak, irin tsohuwar 504, a duba ko wuta na isa kwayil idan makulli na kunne. A buɗe murfin dilko a ga ko an mayar da rota, domin ana mantawa da ita fiye da yadda ake zato. A duba ko kwantak na buɗewa, tazararsa wajen 0.4 na milimita. A goge cikin murfin da busasshen ƙyalle, don raɓa da damshi na sace wuta.

In mota mai birenbos ce, a kunna makulli a kalli dashbod. Fitilar inji ya kamata ta kama. In ba ta kama ba, wuta ba ta isa birenbos, sai a bi fis da rile da ƙananan wayoyin at da ake ɗaurewa a jikin inji. A Honda Civic ta shekarun 1990, alal misali, akwai irin waɗannan wayoyi a jikin gidan tamostat, in aka bar su a sake mota ba za ta tashi ba. Sai sansar karanshaf, wadda ke gaya wa birenbos cewa inji na juyawa. In soket ɗinta bai shiga ba, ko wayarta ta matse tsakanin inji da giyabos, ba wuta ba mai. A bi kowane soket da hannu, a danna har a ji ya yi "ƙas".

Akwai kuma makullin tsaro. Motocin Turai da yawa daga tsakiyar shekarun 1990 suna da ɗan ƙwayar lantarki a cikin kan makulli. Golf mai irin wannan takan tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu idan ba ta gane makullin ba. Peugeot 406 ta farko-farko kuma tana da wurin danna lambobin sirri. Wanda ya sayo injin Beljiyam ya haɗa da birenbos ɗinsa, ya sani cewa birenbos ɗin ba lallai ya karɓi tsohon makulli ba. Wannan aikin rewaya ne mai na'ura. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin da ake jona kwamfutar bincike. Kuɗin jonawa bai kai kuɗin sayen sansa a kan zato ba.

*Mai.* A fara da tambayar da ake jin kunyar yi: akwai fetur a tanki? Tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 ba kowa ke barin mai da yawa a motar da za ta kwana a gareji ba, ga shi kuma ana ɗiba a wanke kayan inji. Allurar dashbod ta tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. A zuba lita biyar a gani. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki kuma yakan lalace, warinsa ya koma kamar na fenti.

A mota mai nozul, idan aka kunna makulli ana jin famfon mai yana 'yar ƙara ta daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In ba a ji ba, a duba fis da rile. Wasu Peugeot 406 da wasu Ford suna da maɓallin da ke yanke mai idan mota ta bugu, girgizar aiki kan iya tayar da shi, danna shi kawai ake yi ya koma. In famfo na aiki, a duba tiyo biyu da ke zuwa inji, na kawowa da na mayarwa. Kamanninsu ɗaya, kuma in aka musanya su mai ba zai isa nozul ba. Irin waɗannan motoci na son matsin mai na wajen ba 3, don haka ganin mai na ɗiga bai isa hujja ba.

A mota mai kafireta, famfon mai a jikin inji yake, sai inji ya juya yake ja, don haka yakan ɗauki ɗan lokaci kafin kofin kafireta ya cika. A cire murfin iska, a taka totur, a leƙa a ga ko mai na feshi. Al'adar tuttula fetur a bakin kafireta ana buga kik tana da haɗari ƙwarai. In saiti ya goce, wuta kan dawo ta nan ta kama hannu da fuska.

Fulogi da kansa shaida ne. In ya fito a bushe bayan an yi ta kik, mai ba ya zuwa. In ya fito sharkaf, mai ya yi yawa ko wuta ce babu. A shanya fulogan, a taka totur har ƙasa a riƙe, a buga kik don iska ta share silinda.

*Saiti.* In ga wuta ga mai amma mota na tari, ko tana harbi ta kafireta ko ta salansa, to saiti ne. Abu na farko jerin wayoyin fulogi. Yawancin injuna masu silinda 4 suna bin 1-3-4-2. Volkswagen Beetle tana bin 1-4-3-2. Mai silinda 6 a layi ɗaya, irin na tsofaffin Marsandi, yana bin 1-5-3-6-2-4. Dole kuma a san ta wane gefe rota ke juyawa kafin a jera.

Ga wani tarko da ke kama har ƙwararru. A motocin Japan ana ƙirga silinda ta 1 daga gefen bel. A injunan Peugeot da yawa kuwa daga gefen kuloci ake farawa. Duk da cewa tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, yaran gareji na yanzu sun fi sabawa da Toyota da Honda, sai su ƙirga ta inda suka saba.

Na biyu, dilko ya juya baya. Karanshaf na yin zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, saboda haka alamar fuli tana zuwa daidai sau biyu, amma sau ɗaya ne kawai silinda ta 1 ke kan matsi. In aka dasa dilko a kan ɗaya zagayen, wuta za ta riƙa zuwa lokacin da silinda ke fitar da hayaƙi. Yadda ake ganewa: a cire fulogi na 1, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji da sifana. Idan aka ji iska na tura yatsa, a ci gaba a hankali har alama ta daidaita. Inda rota ke kallo a lokacin, nan wayar fulogi na 1 za ta shiga.

Na uku, bel ko sarƙar taimin. A buɗe murfi a ga alamar karanshaf da ta kamshaf sun zauna tare. Haƙori ɗaya in ya goce mota na iya tashi ba ƙarfi, in sun yi yawa ba za ta tashi ba. A nan injuna sun bambanta. Injin Camry mai lita 2.2 na shekarun 1990 ko saiti ya goce fistin ba ya taɓa bawul. Na Honda Accord na wannan zamani da na Peugeot 406 kuwa suna taɓawa, kuma bawul ɗin kan lanƙwashe. Shi ya sa juyawa da hannu kafin kik na farko ya zama wajibi.

In inji yana juyawa da sauri fiye da kima

Idan ƙarar kik ta zama sumul, babu wannan hawa da sauka da aka saba ji, matsi ne babu. A auna da geji. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin 120 zuwa 180 a ma'aunin psi, silindu kuma su yi kusa da juna. Ƙasa da 90 tashi zai yi wuya. In duka silindu sun faɗi tare, a koma kan taimin, ko bawul da aka matse saitinsu har ba sa rufewa. In biyu da ke maƙwabtaka ne suka faɗi, gaskat ne. Wani lokaci kuma yawan kik ne ya sa fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta kowane ramin fulogi, a sake aunawa. In matsi ya hau, matsalar a wajen ringi take. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskat.

Masu injin gas

J5 da Hiace masu shan gas ba su da wutar fulogi, matsi ne ke kunna man. Abin da ya fi hana su tashi bayan aiki shi ne iska a cikin layin mai. A yi famfo da hannu a kan filta har ya yi tauri, a sassauta notin bututun nozul, a buga kik har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. A duba wayar da ke zuwa bawul ɗin kashe inji a jikin famfon gas, in ba wuta a nan mai ba zai wuce ba. Farin hayaƙi ba tare da tashi ba yana nuna mai na zuwa, sai a duba hita da saitin famfo.

In har sai an sayi kaya

Idan bincike ya tsaya a kan abu ɗaya, sannan a nufi kasuwa. Wanda ke Uwani, Coal Camp na nan kusa da shi. Na Anacha yana da Nkpor don sabbin kaya da Mgbuka Obosi don na Beljiyam, ga kuma Nkwo Nnewi ba nisa. Na Fatakwal ya san Ikoku a Diobu. A tafi da tsohon kayan a hannu, a gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon, musamman birenbos da sansa da kwayil, domin kamanni na yaudara. A yi magana a fili kafin a biya: in bai yi aiki ba za a canza? A sa mai shago ya rubuta a rasit, tunda kayan wuta da yawa ba a karɓar su idan sun fita. Wanda Ibo ko Turancin kasuwa bai zauna masa ba, ya tafi da ɗan uwa da ya daɗe a gari. A kuma tambayi halin da ake ciki kafin a fita ranar Litinin, saboda tun watan Agusta na 2021 kasuwannin yankin Kudu maso Gabas sun sha kasancewa a rufe a wannan rana.

Tsakaninka da bakanike kuma, lalama ta fi zafin rai. Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Oga, me gwaji ya nuna?" In ya ce kwayil ya mutu, ya nuna maka babu wuta. In ya ce famfo ne, ya nuna maka babu mai. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Kuskuren haɗi yana cikin aikin da aka riga aka biya, bai kamata a sake cajin mai mota a kansa ba. In magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai shugabannin gareji da ƙungiyar makanikai ta NATA, akwai kuma fadar Sarkin Hausawa. A bi ta nan, ya fi a tara jama'a a bakin titi, musamman ga wanda ke zaman baƙunta.

Bayan ta tashi

Ido a kan fitilar baƙin mai. In ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, a kashe injin nan take. Kada a yi ta taka totur don murna. A bar ta ta yi zafi a tsaye, a ga fanka ta kama, a fitar da iskar da ke cikin layin ruwa, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Mita a kan batir ya nuna tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.4, alamar altaneta na caji. Injin da aka yi wa ringi a canza masa baƙin mai da filta bayan kilomita 500 zuwa 1,000.

Masu shirin tafiya gida da Sallah su ba gyara isasshen lokaci. A yi kwanaki ana zagayawa da motar cikin gari, a hau tudu a sauka, kafin a loda iyali da kaya a kama hanyar Obollo-Afor da Otukpo da Makurdi. Noti ɗaya da ya sassauta a Zik Avenue aikin minti biyar ne, amma a tsakiyar daji da dare wani labari ne daban.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.